Neman shawara: yadda zan jera hotunan tsofaffin ɗalibai su riƙa wucewa a majigi

Baban Ummi, Ƙofar Marusa, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan ajinmu na sakandare a nan Katsina, kuma mun tsayar da taronmu na shekara a cikin kwanakin Babbar Sallah, saboda lokacin ne waɗanda suke aiki a Abuja da Kaduna da Legas suke gida. A zaman kwamiti aka yanke cewa bana za a nuna hotunanmu na da da na yanzu a majigi, aka kuma ɗora mini aikin don kawai an san ina da kwamfuta, alhali iyakata da ita buga wasiƙa da rubuta bayanin taro.

Hotunan da suka zo hannuna sun kai 140. Mafi yawansu ta WhatsApp aka turo, wasu kuma tsofaffi ne na takarda, waɗanda aka ɗauka a fareti da filin ƙwallo da ranar da aka kai mu ziyara Hasumiyar Gobarau. Kwamfutar tana da PowerPoint. Abin da nake so shi ne hotunan su riƙa wucewa da kansu ɗaya bayan ɗaya, da ɗan rubutu a ƙarƙashin kowanne, ba tare da na zauna ina danna wani abu ba. Shin sai na saka kowane hoto da hannu a shafinsa, ko akwai hanya mai sauƙi? Allah ya saka da alheri.

Mai Shagon Kwamfuta, Ƙofar Ƙaura, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ranka shi daɗe. Ba sai ka saka su ɗaya-ɗaya ba, domin PowerPoint na kwamfuta mai Windows yana da wurin da aka tanada musamman don wannan aiki. Amma kafin ka buɗe shi, ka tara hotunan a folda guda, ka sake musu suna bisa jerin da kake so su fito, kana fara kowane suna da lamba: 01, 02, 03 har zuwa ƙarshe, sannan bayanin hoton ya biyo bayan lambar. Wannan shi ne zai fi cin lokacinka, kuma shi ne zai sauƙaƙa maka duk abin da zai biyo baya.

Idan ka buɗe PowerPoint, ka danna Insert a layin sama, ka nemi Photo Album, ka zaɓi New Photo Album. Akwatin da zai buɗe yana da maɓallin File/Disk, wanda zai kai ka foldar hotunan. Ka danna hoto ɗaya, ka haɗa Ctrl da A don a zaɓe su duka, sai ka danna Insert. Za ka ga sunayensu sun jeru a tsakiyar akwatin, da kibiyoyi a ƙasa na matsar da hoto sama ko ƙasa idan wani ya fita daga wurinsa. A ƙasan akwatin akwai Picture layout. Idan ka bar shi a Fit to slide, kowane hoto zai cika shafinsa gwargwadon siffarsa, amma ba za a ba ka damar saka rubutu a ƙarƙashi ba. Tunda kana son rubutu, ka zaɓi 1 picture, ka sa alama a Captions below ALL pictures, sannan ka danna Create. Nan take zai ƙirƙiro sabon fayil, kowane hoto a shafinsa, sunan da ka ba shi kuma a rubuce a ƙarƙashinsa. Lambobin da ka sa a farkon suna su ma za su fito, sai ka bi ka goge su. Shafin farko zai zo da kan magana na Turanci da sunan mai kwamfutar, ka share ka rubuta sunan ƙungiyarku da shekarar da kuka gama.

Wucewa da kansu kuwa a Transitions ake saita shi. Ka zaɓi Fade, wato hoto ya dushe wani ya bayyana, ka je can gefen dama inda aka rubuta Advance Slide, ka sa alama a After, ka rubuta yawan sakan da kake so kowane hoto ya daɗe, sai ka danna Apply To All. Ina roƙonka kada ka biye wa sauran salon da ke wurin, masu juyi da tarwatsewa da naɗewa kamar tabarma, domin matasan da suke kawo mini aiki suna son su ƙwarai, amma a zauren da dattawa suke zaune ba abin da suke ƙarawa sai jiri. Idan kana so ya koma farko duk lokacin da ya ƙare, ka shiga Slide Show, ka buɗe Set Up Slide Show, ka sa alama a Loop continuously until 'Esc'. Maɓallin F5 shi ke fara nunin, Esc kuma shi ke tsayar da shi.

Abu ɗaya game da gyaran girman hoto: idan za ka ƙara shi ko ka rage, ka ja shi daga kusurwa. Wanda ya ja daga gefe zai ga fuskokin mutane sun baje ko sun tsuke.

Maman Sadiq, daga Daura, ta amsa:

Malam Baban Ummi, bayanin da mai shago ya yi ya wadatar ta fuskar na'ura. Ni malamar makaranta ce, kuma nakan shirya irin wannan a bikin yaye ɗalibai, don haka zan yi magana a kan abin da na ga yana faruwa a cikin zauren.

Hoto 140 ya yi yawa. Idan ka ba kowanne sakan 6, nunin zai ɗauki minti 14, ban da lokacin dushewa tsakanin hoto da hoto, kuma mutanen da suka shekara ba su haɗu ba ba za su yi shiru na minti 14 suna kallon bango ba. Idan ka tace su suka koma 60, ka ba kowanne sakan 7, minti 7 ke nan, kuma za a kalle shi har ƙarshe. Za ka tarar cewa da yawa daga cikin abin da aka turo maka hoto ɗaya ne da mutum uku suka aiko, ko kuma hoton mutum shi kaɗai a ofishinsa ko a jikin motarsa, wanda ba ya ba da labarin komai game da ajinku. Sauran da ka cire kana iya yi musu fayil na biyu, wanda zai riƙa zagayawa lokacin cin abinci, kowa ya ga nasa, ba wanda zai ce an ware shi.

Sai dai ban yarda a bar dukkan hotuna su wuce da gudu ɗaya ba. Hoton aji gaba ɗaya, inda mutum arba'in suke tsaye sahu uku malamin aji yana zaune a tsakiya, ba a gama kallonsa a sakan 7, domin kowa zai tashi neman kansa, wani ya nuna wanda ya fi kowa ƙanƙanta a sahun gaba, wanda yanzu shi ne mai furfura a kusa da shi. Haka kuma hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai. Waɗannan ya kamata ka tara su wuri ɗaya a kusa da ƙarshe, ka rubuta cikakken sunan kowa, kuma bayan ka gama danna Apply To All, ka koma kan waɗannan shafuka ka cire alamar After, ka bar On Mouse Click kaɗai. Da nunin ya iso nan zai tsaya cak sai ka danna, a samu sararin yi musu addu'a a natse. Ka lura da jerin aikin, domin idan ka sake danna Apply To All daga baya, gyaran da ka yi wa waɗannan shafuka zai goge.

Rubutun ƙarƙashi ya zama gajere, shekara da wuri da abin da ake yi, da manyan baƙaƙe yadda na kujerar baya zai karanta. Idan da Hausa za ka rubuta, ka tsaya a kan Arial ko Times New Roman, saboda salon rubutu masu ado da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito dabam da 'yan uwansa, ko wani ɗan akwati ya tsaya a wurinsa. Sannan idan akwai mata a ajinku, ka tambaye su kafin ka haska hotunansu na ƙuruciya a gaban taro, musamman waɗanda wani ne ya turo ba su da kansu ba. Yanzu matan aure ne, wasu da jikoki, kuma ba kowace za ta so ba.

Ɗan Autan Hajiya, Ƙofar Guga, ya amsa:

Baba, ina da ƙarin bayani a kan ingancin hotunan da kuma ranar taron, domin ni ake aika wa haɗa majigi a bukukuwan gidanmu. WhatsApp yana matse hoto idan an turo shi ta hanyar da aka saba, shi ya sa wanda ya yi kyau a waya yakan fito a dushe idan an haska shi a bango. Waɗanda suka fi muhimmanci, ka roƙi masu su su sake turowa ta Document, domin ta nan hoton yana zuwa da girmansa na asali. Na takarda kuwa, mafi kyau a kai su shagon kwamfuta a yi musu sikanin a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto. Idan hakan bai samu ba, waya ma tana yi: a cire hoton daga firam saboda gilashi yana mayar da haske, a shimfiɗa shi a inuwa da hantsi, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba, sannan a yanke gefen da tabarma ko tebur ya fito.

Ka tambayi masu zauren irin majigin da suke da shi tun yanzu. Tun daga PowerPoint na 2013 shafi yana zuwa da faɗi, wato 16:9, irin na talabijin ɗin zamani, tsofaffin majigi da yawa kuwa 4:3 ne, kuma ana sauya wannan a Design, a ƙarƙashin Slide Size. Gara a sauya kafin a yi nisa da gyara. A Design ɗin kuma akwai Format Background, inda za ka mayar da bayan shafukan baƙi, domin hoton tsaye ba ya cika shafi, kuma farin da ke gefensa yana kashe ido a zaure mai duhu. Ka duba bakin wayar haɗi ma. Tsohon majigi yakan zo da VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, sababbin kwamfutoci kuwa HDMI suke da shi, ka ga sai an nemo mahaɗi. VGA ba ya ɗaukar sauti, don haka idan ka saka wata murya, sai an ja waya dabam zuwa lasifika. Idan an haɗa komai hoto bai fito ba, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Duplicate.

Shawarata ita ce ka mayar da aikin bidiyo idan ka gama. Ka shiga File, sai Export, sai Create a Video, zai fitar maka da MP4 wanda yake bin lokutan da ka saita. Shi ba ruwansa da irin PowerPoint ɗin da ke wata kwamfuta, talabijin mai bakin filash ma yawanci yana kunna shi, kuma bayan taro sai ka tura wa 'yan ƙungiya.

Maman Sadiq ta sake amsawa:

Ɗana ya kawo shawara mai kyau, amma ina ganin bidiyon ya zama na ko-ta-kwana da na rabawa, kada ya zama shi za a nuna a zaure. A bidiyo babu shafin da zai jira a danna, kowanne lokaci ake yanka masa ya wuce, har da na mamatan. A PowerPoint kuwa, idan wani tsohon malaminku ya miƙe zai ba da labarin wani hoto, kana danna S nunin ya dakata, ka sake dannawa ya ci gaba. Idan shugaba zai yi magana kana so idanu su koma kansa, B yana mayar da allon baƙi. Idan aka ce a dawo da hoton fareti, ka rubuta lambar shafin ka danna Enter, shi ya sa yake da kyau ka riƙe takarda mai jerin shafukan a hannunka.

Baban Ummi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na bi bayanin mai shago, hotunan sun jeru, kuma na fara tacewa kamar yadda Malama ta ce, ko da yake ma'ajinmu ya riga ya kira ni a kan hotonsa na Makka. Saura tambaya ɗaya. Taron da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, zauren kuma tagogi ne ta ko'ina babu labule. Shin majigin zai nuna?

Mai Shagon Kwamfuta ya amsa:

Da wuya ya nuna yadda kake so, ranka shi daɗe, musamman tsofaffin hotuna marasa launi, waɗanda tun asali haskensu ya ragu. Majigi ba ya iya haska baƙi, duhun bangon shi ne baƙinsa, saboda haka duk hasken ranar da ya shigo yana wanke hoton. Ka je zauren kwana ɗaya ko biyu kafin taro, a daidai wannan lokaci na safe, da kwamfutarka da majigin da za a yi aiki da shi, ka kunna ka koma kujerar ƙarshe ka duba. Idan ya dushe, a rufe tagogin da suke kusa da allon da barguna ko zannuwa masu kauri, a matso da majigin kusa da bango, domin hoton zai ƙanƙance amma zai ƙara ƙarfi. Idan duk da haka bai yi ba, a aro babban talabijin a haɗa da HDMI, shi hasken rana bai cika damunsa ba. Ka cika cajin kwamfutar, ka tabbatar an tanadi janareta da mai, ka kuma ajiye kwafin fayil ɗin da na bidiyon a filash da kuma cikin wayarka. Idan ka ga fayil ɗin yana nauyin buɗewa, ka danna hoto ɗaya, ka shiga Picture Format, ka zaɓi Compress Pictures, ka cire alamar Apply only to this picture, ka sa 150 ppi, wanda ya isa majigi da talabijin.