In bar ƙanwata ta ci gaba da littafin nan, ko in karɓe?

Maman Ilham, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman wajen malamai da iyaye.

Ƙanwata da ke hannuna, shekarunta 14, ta aro wani littafin Turanci wajen ƙawarta, The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008. Yarinyar da sai an yi da gaske take buɗe littafin makaranta, sai ga ta cikin gidan sauro da fitilar waya har tsakar dare. Na ce ta ba ni in duba. Ɗinki nake yi, ga kayan biki jibge a gabana, amma wallahi keken ya huta. Kowane babi sai ya tsaya daidai inda ba a iya haƙura.

Ƙasa ce mai gundumomi 12, da babban birni ɗaya da ke cinye guminsu. Saboda wani tsohon tawaye, duk shekara kowace gunduma sai ta ba da yaro da yarinya, 'yan 12 zuwa 18, ta hanyar ƙuri'a. A zuba su 24 a fili ɗaya su kashe juna har ya rage ɗaya, mutanen birni suna kallo a talabijin suna caca a kansu.

Kisan ya dame ni, amma maganar hatsi ce ta hana ni barci. Yaron da gidansu ba abinci yana iya zuwa a ƙara sa sunansa a ƙuri'a, a ba shi ɗan hatsi da mai na mutum ɗaya na shekara. In yana son na uwarsa da ƙannensa, a ƙara sunan sau yawansu, kuma ba a gogewa, taruwa yake yi. Shi ya sa Katniss, jarumar littafin, 'yar shekara 16, sunanta ya shiga sau 20, na abokin farautarta sau 42. A baki doka ɗaya ce ga kowa, amma ɗan mai hali ba ya sayar da kansa don mudun hatsi. Duk da haka sunan da ya fito na ƙanwarta ne, 'yar 12 mai takarda ɗaya tak, Katniss kuma ta fito ta ce a ɗauke ta a madadinta.

Da na tambayi tawa ƙanwar abin da ya fi tsaya mata a rai, sai ta ce, "Yaya, iyayen da aka tara a fili suna kallo ba su iya komai. Irin iyayen yaran Ƙanƙara." Jikina ya yi sanyi. A Disambar 2020, lokacin da aka sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara, ƙarama ce, na ɗauka ba ta san me ake ciki ba, ashe duk abin da muke saurare a rediyo yana shiga kunnenta.

Littafin yana da ci gaba, yanzu na biyu take nema. In bari, ko in hana?

Abu Sadik, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai hanawa zan yi. Fim ɗin na 2012 na kalla, kuma ya ishe ni. Yaranmu suna kwana da labarin masu garkuwa su tashi da shi, me za a ƙara musu da labarin yara na farautar yara? Ga rungume-rungume a cikin kogo don a burge masu kallo. Ga shi mutum ya mutu ba salla ba addu'a, duniya ce da ba addini a cikinta. Ba tarbiyyarmu ba ce.

Malama daga Daura

'Yar'uwa, adabi nake koyarwa a sakandare, kuma damuwar Malam Abu Sadik ba ta banza ba ce. Amma ki dubi abin da yarinyar ta ɗauko: ba kibiya ba, ba kogo ba, tausayin iyaye. Wannan alamar lafiyayyen karatu ce.

Kuma irin labarin ba baƙo ba ne gare mu. Mu a nan da labarin Kusugu muka tashi: gari guda cikin ƙishirwa, maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kowa ya saba har ya zama tsarin rayuwa. Ɗalibaina da kansu suka lura da bambancin. A namu baƙo ne ya zo daga nesa da takobi ya raba mutane da masifar. A wancan kuwa ba mai zuwa, sai marainiya daga gundumar masu haƙar kwal, wadda ubanta ya rasu a rami. Kuma abin da ya fi girgiza masu mulkin ba kisa ba ne. Da aka kashe Rue, wata ƙaramar yarinya cikin yaran da aka zuba a filin, Katniss ta tsaya ta tsinko furanni ta lulluɓe gawarta a gaban kyamara, don a san mutum ce aka rasa. Mun daɗe muna muhawara a kan wurin nan a aji.

Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata tana canza tasha tsakanin wani shirin gasa da hotunan yaƙin Iraƙi, har suka cakuɗe mata. To ki tambayi ƙanwarki: mu da muke tura wa juna bidiyon gawarwaki a WhatsApp, a wane ɓangare muke, gundumomi ko 'yan kallo?

Na biyu, na 2009, za ta iya, in kina kusa. Na uku, na 2010, yaƙi ne tsagwaronsa, har da bam a kan yara. Shi kam ki jinkirta mata.

Ɗan SS3

Anti don Allah kar ki karɓe, a waya za ta samu, kuma ba za ta ƙara gaya miki komai ba. Ni abin da ya taɓa ni shi ne yadda aka hana gundumomin jin labarin juna. Da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a Satumbar 2021, kakarmu tana Batsari. Sai dai Baba ya je tasha ya tambayi direbobi ko lafiya. Da na karanta wurin, tashar nan na tuna.

Maman Ilham, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Abu Sadik, maganar kogon nan na riƙe ta, zan zaunar da ita mu yi ta a fili, har da batun gawa da haƙƙinta a Musulunci. Na biyun ni zan fara karantawa, in na gama babi in miƙa mata, kuma ba da dare ba, sai bayan Islamiyya. Malama, in ba damuwa ki turo mini tambayoyin da kike yi wa ɗalibanki a kan Rue, da su nake so mu fara.