Me ya sa layukan sababbin unguwannin Kano ba sa ɓullewa?

Ɗan Gaida: Jama'a, gari na ta faɗaɗa ta wajen Kumbotso da Ungogo, amma sai ka bi layi ka tarar gida ya tare gaba. Ina matsalar take?

Mai Awo: Awon igiya ne, malam. Kowane mai gona yana yanka filotinsa shi kaɗai. Ya bar hanya mai faɗin ƙafa 10 ko 12, ba tare da ta yi saiti da ta maƙwabcinsa ba, sai layi ya mutu a iyakar gona. In aka fitar da kwata hagu da dama, aka dasa dakali, da kyar A Daidaita Sahu ke wucewa, balle motar kashe gobara mai faɗin mita 2.5.

Hajiya Injiniya: Gaskiya ne. Kuma ana iya aunawa: buɗe Google Maps, ware murabba'in kilomita 1, ƙirga mararraba, sannan ƙirga layukan da suka toshe. In toshewar ta yi yawa, kowa titin kwalta ɗaya zai afka, cunkoso ke nan safe da yamma.

Mai Awo: Masu gonaki su haɗu kafin yanka, su bar layi mai faɗin mita 9, mararraba duk mita 100 zuwa 150, su kai tsarin ga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.