Wai Stacey Abrams ce ta juya Jojiya?

Auta: Assalamu alaikum. Gwaggo, ke ce a Atlanta, ki raba mu gardama. Yau a aji na ce Stacey Abrams, 'yar siyasar Dimokurat baƙar fata, ita ce ta ƙwace jihar Jojiya ta Amurka daga hannun 'yan Rifablikan a 2020, malaminmu ya ce zuzutawar 'yan jarida ce. Ni ina kan bakana. Rabon da ɗan Dimokurat ya ci jihar nan a zaɓen shugaban ƙasa tun Bill Clinton a 1992, sai Biden, shi ma da tazarar ƙuri'a 11,779 kacal.

Baffa: Wa alaikumus salam. Auta, malaminku yana da hujja. Sau biyu matar nan tana neman gwamna, sau biyu Brian Kemp yana kayar da ita. A 2018 tazarar wajen ƙuri'a 55,000 ce, a 2022 ta kusa 300,000. Wadda ba ta ciwo wa kanta kujerar gwamna ba, ya za a ce ita ta ciwo wa wani jiha sukutum? Ga shi a 2024 Trump ya dawo ya karɓe abinsa.

Gwaggo: Yaya, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Zaɓen 2020 shi ne na farko da na jefa ƙuri'a a ƙasar nan, kuma ba don kaina na je ba. Maƙwabciyata ce, baƙar fata, tsohuwar nas da ta haura shekara 70. Sau uku tana buga mini ƙofa. Na farko ta tambaya ko na yi rajista. Na biyu ta zauna a falona ta duba sunana a waya, ta nuna mini rumfata. Na uku da mota ta zo, ga kujeru masu naɗewa a but, don ta san layin zai yi tsawo. Mun shafe awa huɗu a layin nan, ƙafarta a kumbure, ba ta zauna a kujerar ba, wani dattijo ta ba. Irinta ba su ƙirguwa a unguwannin nan, kuma mafi yawansu mata ne. Ba daga sama suka faɗo ba. Tun wajen 2014 ƙungiyar New Georgia Project da Abrams ta kafa ta riƙa bin gida gida tana yi wa mutane rajista, lokacin da manyan jam'iyyarta ke ganin jihar nan asarar kuɗi ce.

Barista: Gwaggo, ban musa abin da idonki ya gani ba, amma akwai abin da ake mantawa. A 2016 Jojiya ta fara yi wa mutum rajistar zaɓe kai tsaye idan ya je karɓar lasisin tuƙi, kuma ta wannan ƙofa sababbin masu rajista suka fi shigowa. A lokacin Kemp ɗin ne sakataren jiha mai kula da zaɓe. Sannan yankunan Gwinnett da Cobb da ke kewayen Atlanta sun cika da sababbin mazauna, ga fararen fata masu digiri da suka gaji da Trump. Idan tazara ba ta kai 12,000 ba, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya cewa shi ne sila.

Auta: Yaya Barista, ai suna a rajista ba ƙuri'a ba ne. Wa ya fito da su? Kuma kar a manta a 2018 an riƙe takardun rajista wajen 53,000 saboda wai harafi ko alama ba ta yi daidai da ta wani kundin gwamnati ba, kusan kashi 70 cikin 100 na baƙaƙen fata ne. Mai riƙe da takardun kuma shi ne abokin takararta.

Baffa: Wannan kam bai kamata ba, ɗan takara ya zama alƙalin zaɓensa. Amma ta kai ƙara, kotun tarayya ba ta ba ƙungiyarta Fair Fight gaskiya ba a 2022. Sannan a Janairun 2025 hukumar ɗa'a ta jihar ta ci New Georgia Project tarar dala 300,000 kan kuɗin da ta kashe wa takarar Abrams ta 2018 ba tare da ta bayyana ba. A faɗi wannan ma.

Gwaggo: A faɗa, Yaya. Abin ya yi wa mutane ciwo a nan, musamman waɗanda suka sha rana suna aikin tsakani da Allah. Amma ma'aunin naka na kujera shi ne ban yarda da shi ba. Fannie Lou Hamer ta Misisipi ba ta taɓa cin kujerar majalisa ba, ta nema ta faɗi. Saboda ta je yin rajista a 1962 aka kore ta daga gonar audugar da ta yi wa aiki shekara 18. A 1963 aka yi mata dukan kawo wuƙa a kurkukun Winona, ciwon da ta mutu da tabonsa. Ta tsaya gaban taron Dimokurat a 1964 ta ba da labarin nan ƙasa na kallo, shekara na zagayowa aka sa hannu kan dokar kare 'yancin zaɓe. Da ma'auninka, ita ma ba ta yi komai ba ke nan?

Baffa: A'a, wannan baiwar Allah daban take, ita da jininta ta biya. Ban haɗa su ba.

Barista: Inda na fi karkata ga Gwaggo shi ne zagaye na biyu na zaɓen sanatocin Jojiya biyu, ranar 5 ga Janairun 2021. Irin wannan zaɓe bisa al'ada 'yan Dimokurat ba sa fitowa sosai, amma Raphael Warnock da Jon Ossoff suka ci duka biyun, Majalisar Dattawa ta koma 50 da 50. Lasisin tuƙi ba ya tayar da mutum daga gado cikin sanyin Janairu. Sai dai Auta, ki gyara maganarki, sunan mutum ɗaya bai isa ba. Akwai LaTosha Brown ta Black Voters Matter da ta riƙa zagaya ƙauyuka da bas, akwai Helen Butler mai fafutukar 'yancin zaɓe, akwai Nse Ufot, haifaffiyar Najeriya, wadda ita ce ke jan ragamar New Georgia Project a lokacin.

Auta: Na karɓi gyara, amma ba zan janye sunanta daga gaba ba. A shekarar da ta faɗi ma, 2022, Warnock ya sake ci.

Baffa: Shi ne nake tambaya, me ya sa aka zaɓe shi aka bar ta? Ƙuri'un da ta tara ne fa, in har ita ta tara su.

Gwaggo: Tambayar nan ita ce maƙwabciyata ke yi har yau, kuma idan ta yi sai idonta ya kawo ruwa. Cewa take su ake kira a buga ƙofa, a yi girki, a ɗauko tsofaffi, amma Amurka ba ta taɓa zaɓen mace baƙar fata gwamna ba ko a jiha ɗaya. Bayan dokar 2021 da ta hana miƙa wa mai layi ruwa a kusa da rumfa, sai ta koma ba mutane gorar ruwa tun a ƙofar gidansu kafin su shiga mota. Asabar ɗin nan za su kafa teburin rajista a bakin cocinsu, ta ce in zo in taya ta da 'yan Afirka ta Yamma da suka sami takardar zama 'yan ƙasa bana. Na ce mata ina yin sallar azahar zan taho.