Ina so in fara harbin kibiya, wane baka zan saya?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na kalli wasannin Olamfik na Faris a 2024, inda ƙungiyar matan Koriya ta Kudu ta ɗauki zinare a harbin kibiya karo na 10 a jere, harbin kibiya ya shiga raina. Na ga wani baka mai ƙarfin laba 45. In saya?

Malamin Wasanni: Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kada ka saya. Laba 45 kusan kilo 20 ne za ka riƙa ja da yatsu uku. Kafin ka harba kibiya goma hannunka ya fara rawa, kuma da wuya mai rawar hannu ya koyi saiti. Ka fara da laba 18 zuwa 24. Ka nemi irin wanda ake kwance fikafikansa, wato ɓangarorin sama da ƙasa masu lanƙwasawa, kamar samfurin Samick Sage. In ƙarfinka ya ƙaru, fikafikan kawai za ka canja, mariƙin yana nan. Kuma ka manta da nisan mita 70 ɗin da ka ga ana harbi a talabijin. Mita 10 ya ishe ka yanzu, daga baya ka matsa zuwa 18.

Jikan Maharba: Ni da bakan gargajiya na koya wurin kakana, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma ka guji kibiyoyin farauta: suna da kunne, wasu ma an shafa musu dafi.

Maman Biyu: Ka haɗa da fatar da ake ɗaurawa a hannun da ke riƙe baka. Tsirkiya ta taɓa dukan ɗana, sai da shatin ya yi sati bai ɓace ba.

Ɗan Koyo: Na gode Yaya, na gode Hajiya. To me zan riƙa harbi?

Jikan Maharba: Buhu, ka danƙare shi da tsumma. Ka jingina shi da katanga mai tsawo, inda yara da dabbobi ba sa gilmawa.

Malamin Wasanni: Abu biyu na manta. Kada ka taɓa jan tsirkiya ka saki babu kibiya, bakan na iya tsagewa a hannunka. Sannan kibiyar ta ɗara tsawon janka, wato iya nisan da kake jan tsirkiya, da kamar inci biyu. Ka buɗe hannuwanka ka auna daga yatsa zuwa yatsa, ka turo mana adadin, sai mu lissafa maka.