Faladin ya yi ƙarya don ya ceci manoma: shin a ƙwace masa baiwarsa?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne nake jan wasan Dungeons & Dragons (wasan labari ne da kowane ɗan wasa ke zama jarumi ɗaya a cikinsa) ga abokaina a nan Jidda kowane daren Alhamis bayan sallar isha'i, kuma da bugu na biyar, na shekarar 2014, muke aiki. Ɗaya daga cikinsu yana wasa da faladin, jarumin nan mai sulke, kuma ya ɗauki rantsuwar sadaukarwa, wadda sharaɗinta na farko shi ne kada ya yi ƙarya ko ha'inci. A zaman da ya wuce, dakarun wani azzalumin sarki suka tare shi a bakin rumbu suna neman manoman da suka ƙi biyan haraji, shi kuwa ya san suna kwance a cikin rumbun, sai ya ce sun bi hanyar kogi. Nan take babbanmu a shekaru ya ce wajibi ne in ƙwace masa baiwarsa, wato ikonsa na warkarwa da sihiri, aka yi ta gardama har shayi ya huce. Mene ne hukuncin da ya dace?

Baban Hafsa, Riyad:
Wa alaikumus salam. Babban naku da tsohuwar doka yake magana, kuma ko ita bai kawo ta daidai ba. Faladin ya fara fitowa ne a 1975, shekara guda bayan Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan, kuma a littafin 'yan wasa na 1978 ga sharuɗɗansa: dole ya zama ɗan Adam, mai bin doka kuma na kirki, kada ya mallaki kayan sihiri fiye da 10, kuma ya ba da kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya samu. Ko a can ɗin laifi hawa biyu ne. Idan ya yi aikin saɓa doka yana sane, sai ya nemi babban malami a cikin wasan ya yi kaffara. Sai idan ya aikata mugunta da gangan ne ake mayar da shi mayaƙi gama-gari har abada. Ban ga yadda za a kira ɓoye manoma daga azzalumi mugunta ba. Bugu na huɗu, na 2008, ya cire sharaɗin hali ɗaya tilo, wato sai ya zama mai bin doka kuma na kirki, naku kuwa ya ɗora komai a kan rantsuwar da ake ɗauka a mataki na uku.

Ummu Yasir, Makka:
Malam Ɗan Jidda, ka yi haƙuri, amma rabin matsalar daga wajenka ta fito, domin kai ne ka tsayar da dakarun a bakin rumbun. Rantsuwar da ta hana shi ƙarya ita ce kuma ta umarce shi da tausayi da kare raunana, saboda haka duk wadda ya zaɓa sai ya taka ɗaya, sai dai idan ya yi shiru ko ya zare takobi. Littafinku ya faɗi abin da ake yi: ya nemi yafiya wajen malami ko wani faladin na ƙungiyarsu, ya kwana yana addu'a ko ya yi azumi, sannan ya sabunta rantsuwarsa. Canza masa aji, wato ya tashi daga faladin zuwa wani nau'in jarumi, ko mayar da shi mai karya rantsuwa, na wanda ya saɓa da gangan ne kuma bai nuna nadama ba. Ka mayar da kaffarar ta zama labarin zama na gaba, za ka ga sun fi jin daɗinsa fiye da yaƙi. Mu a gidanmu abin da ya sauƙaƙa mana wannan aji shi ne ƙarfinsa daga rantsuwa yake fitowa, don haka ba mu sa wani abin bauta na ƙage a labarin.

Ɗalibin Madina:
Hajiya, na yarda da kaffara, amma kada a mayar da sharuɗɗan ado. A tsohon tsari sai makin kwarjinin mutum ya kai 17 kafin ya zama faladin, makin da idan aka jefa 'ya'yan lido uku ba ya fitowa sai sau 4 cikin 216, kuma abin da ake ba shi mai yawa ne: warkarwa da taɓawar hannu, kariya daga cututtuka, da dokin yaƙi a mataki na huɗu. Tsananin dokar shi ne farashin wannan baiwa. Alƙawari kaya ne, kuma idan ɗan wasa ya gane cewa kowace ƙarya da azumin yini ɗaya ake wanke ta, gobe zai yi ƙaryar don ya sami rangwame a kasuwa. Pathfinder, wani wasa irin wannan, da ya watsar da rabe-raben hali gaba ɗaya a 2023, bai watsar da jerin umarni da haramci na kowane jarumi ba.

Ɗan Jidda:
Na gode muku duka. Zan bar masa baiwarsa, amma shugabar ƙungiyarsu za ta aiko a kira shi, kuma kaffarar ita ce ya raka manoman har su tsallake iyaka ba tare da ya sake yin ƙarya ga kowa a hanya ba. Ɗalibin Madina, idan ya maimaita a karo na biyu, warkarwar zan fara dakatarwa ko sihirin?