Wa ke tura 'ya'yanmu kemis?

Daga zauren hira ta waya na kwamitin kare rai na masu sujada da Hausa a wata Ikilisiyar Katolika da ke Agege, Legas.

Anti Nas: Salamar Ubangiji gare ku duka. Ina da magana, na kuma san za ta yi wa wasu ɗaci. Ranar Lahadi aka sanar a gaban jama'a cewa an dakatar da yarinyar nan daga ƙungiyar mawaƙa saboda ciki ya fito ba aure. Don Allah kar kowa ya kama sunanta a nan. A ranar ce kuma muka zauna bayan Misa muna lissafin kuɗin riguna da alluna na tattakin kare rai. Na koma gida abinci ya ƙi shiga. Ga abin da nake gani: duk sanda muka kunyata wadda ta bar cikinta, mun koya wa sauran cewa gara a zubar a ɓoye. Mu da kanmu muke tura su kemis.

Baba Soja: 'Yata, wannan magana ta yi nauyi. Mu muka yi mata cikin? Mu muka buɗe kemis ɗin? Shekarata talatin da biyar a bariki, daga Jaji har Ikeja, ban taɓa ganin inda aka sassauta horo kuma jama'a suka gyaru ba. Mai riga ta mawaƙa tana tsaye ne a gaban bagadi, yara ƙanana suna kallonta. Yesu da kansa ya yi gargaɗi a Matiyu 18:6 game da mai sa ƙanana tuntuɓe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Anti Nas: Baba, ban ce kar a yi horo ba. Bari in faɗa maka abin da idona ke gani a aikin dare. Yarinya za ta sayi ƙwayar misoprostol, magani ne mai kyau da muke amfani da shi wajen tsayar da jini bayan haihuwa, amma ita za ta sha yadda ƙawarta ta gaya mata. Wani lokaci abin bai gama fita ba. Ta kwana uku tana zubar da jini a ɗaki, ta ce wa uwar ɗakinta al'ada ce. Sai zazzaɓi ya rufe ta, jiki ya fara wari, sannan a ɗauko ta a keke. Akwai wadda na riƙe wa hannu da carbin Rosari a wuyanta. Ba ta tambaye ni ko za ta rayu ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne kar maganar ta kai coci. Jaririn ya riga ya tafi, ita ma ba ta kai asuba ba. Rai biyu, Baba. Tsoron mu ya fi mata tsoron mutuwa.

Maman Zumunta: Allah ya ji ƙanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, jikina ya yi sanyi. Amma ƙanwata, ki ji tsoron da ke zukatan iyaye ma. Yawancinmu a ɗaki ɗaya muke da 'ya'yanmu, muna fita kasuwar Mile 12 tun asuba, ba mu dawowa sai dare. Abin da ya rage mana na riƙe yaran nan shi ne kunya. In suka ga wadda ta yi ciki tana nan gaba da makirifo kamar ba abin da ya faru, me zan ce wa tawa? Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Katikis: Iyayena da 'yan'uwana, bari mu raba abu biyu da muke ta cuɗawa, wato koyarwar Ikilisiya da al'adar da muka saba.

Koyarwa ba ta da kwana-kwana. Katikizim, sakin layi na 2270 da 2271, ya ce a kare ran ɗan Adam tun daga lokacin da aka ɗauki cikinsa, kuma tun ƙarni na farko Ikilisiya ta ɗauki zubar da ciki da gangan a matsayin mugun abu. Irmiya 1:5 da Zabura 139 duk mun san su. Wanda ya zubar da ciki yana sane, dokar Ikilisiya ta ce ya fitar da kansa daga tarayya.

To amma ku lura. Babu inda dokar ta sa irin wannan hukunci a kan wadda ta yi ciki ba aure. Zunubin shi ne kwanciyar da aka yi, kuma ana wanke shi a wurin furta zunubi kamar kowane. Cikin kansa ba zunubi ba ne, mutum ne. A watan Disamba na 2023, ofishin koyarwar bangaskiya na Batikan ya amsa wa wani bishop na ƙasar Jamhuriyar Dominika a kan daidai wannan batu, domin a can ma akwai iyaye mata marasa aure da ke gudun karɓar Jibi, wato Jibin Ubangiji da ake karɓa a Misa, saboda tsoron tsananin limamai da bakin jama'a. Amsar ita ce a ƙarfafa su su zo, in sun furta zunubansu. Dakatarwa daga ƙungiya da sanarwa a gaban taro, wannan tsarin ƙungiyoyinmu ne, ba daga Roma ya zo ba.

Baba Soja: Malam Katikis, ban ce a hana ta Jibi ba. Wannan tsakaninta da Fada ne, limamin cocinmu. Riga nake magana.

Shugaban Matasa: Ku gafarce ni iyaye, ni yaro ne, amma in na yi shiru zan zama munafuki. Wanda ya yi mata cikin yana cikin ƙungiyar. Shi ya buga ganga ranar Lahadin da aka sanar da dakatarwarta. Rabin matasa sun sani. Ba wanda ya karɓi rigarsa domin shi cikinsa ba ya fitowa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, na san akwai waɗanda suka zubar, suna nan suna waƙa, ana yaba musu da natsuwa. Wannan ita kaɗai ta ce ba za ta kashe ba, ita kaɗai aka kira sunanta. Ku ce mini wane darasi ƙannenmu suka ɗauka.

Maman Zumunta: Ɗana, da gaske kake? Ubangiji ka yi mana jinƙai.

Baba Soja: In haka ne shi ma a tuɓe masa. Horo ba ya zaɓe. Amma wannan ya nuna a ƙara ne, ba a rage ba.

Katikis: Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya taɓo wannan a wasiƙarsa ta Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ta 25 ga Maris 1995. A sashe na 59 ya nuna cewa alhakin zubar da ciki ba a kan uwar kaɗai yake ba. Uban ɗan yana da nasa, ko ya matsa mata kai tsaye, ko ya gudu ya bar ta da wahala ita kaɗai. Dangi da abokai masu matsin lamba ma suna da nasu. Ina karanta wurin ina tambayar kaina ko ƙungiyar coci za ta iya shiga wannan sahu. Ina jin za ta iya. A sashe na 99 kuma ya yi wa matan da suka riga suka zubar magana da taushi, ya ce kar su yanke ƙauna. A 2016 Fafaroma Faransis ya bai wa kowane fada ikon yafe wannan zunubi, don kar wata ta tsaya tana tsoron sai an kai maganarta sama.

Mai Keke: Ni dai tambaya gare ni. Muna cewa kare rai, kare rai. Ɓarawon da ake rataya wa taya a bakin titi fa? Da waɗanda ke jiran igiya a kurkukun Kirikiri? Su ma suna cikin aikinmu ko kuwa?

Katikis: Suna ciki. A 2018 an sabunta sakin layi na 2267, Ikilisiya ta ce hukuncin kisa ba abin amincewa ba ne. Balle ƙona mutum a titi.

Baba Soja: Wannan ni da sauran magana a kai, bayan kisan da 'yan bindiga suka yi mana a cocin Owo, jihar Ondo, ranar Fentikos ta 2022.

Maman Zumunta: Baba, Yaya Mai Keke, a ajiye wannan zuwa wani zama. Yarinya muke magana, cikinta kuma ba zai jira mu ba.

Baba Soja: To. Amma ku tuna abu ɗaya kafin ku raina riguna da alluna. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idojin cire ciki ga asibitoci. Akbishop na Legas, Alfred Adewale Martins, ya fito fili ya ƙi, wasu ma suka ƙi, bai fi 'yan kwanaki ba Gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su a watan Yuli. Me ya jawo haka? Murya. An san Katolika ba ta wasa da wannan batu. In muka fara sassauci a cikin gida, wa zai saurare mu a waje?

Anti Nas: Baba, ni ma ina cikin masu cewa rai daga ɗaukar ciki yake farawa. Na sha ganin bugun zuciya a na'urar hoto tun ciki bai kai wata biyu ba, ba mai gaya mini cewa gudan jini ne kawai. Amma takardar da aka dakatar a Alausa, hedikwatar gwamnatin Legas, ba ta rufe kemis ko ɗaya a Agege ba. Dokar ƙasa ta daɗe da haramta zubar da ciki sai don ceton uwa, duk da haka gadajenmu ba sa rabuwa da waɗannan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Yawanci jini ne, da hawan jini mai kawo jijjiga, da ƙwayoyin cuta, da doguwar naƙuda. Yarinyar da ke ɓoye ciki ba ta zuwa awo. Wadda ba ta zuwa awo ba mai auna jininta. Ita ce za a kawo tana jijjiga. Wannan tamu wata biyar ke nan, ba ta taɓa zuwa ba, tana ɗaure ciki da zane don kar uwar ɗakinta ta gani. Yanzu an sanar a coci, magana ta kai gidan aikin, an ce ta tattara kayanta ƙarshen wata. Iyayenta suna ƙauye a kudancin Kaduna. Ina za ta?

Malamar Firamare: Tun ɗazu nake karantawa. Anti, ina tare da ke a kan sanarwar, amma ban yarda da cewa mu muke tura su ba. Waɗanda na sani, abin da ya tura su shi ne kuɗin haya, da makarantar da za a kore su, da namijin da ya kashe waya. Ko coci ba ta ce uffan ba waɗannan suna nan. In muka ɗora komai a kan kunya, za mu daina sanarwa mu ɗauka mun gama aiki, alhali yarinyar ba ta da wurin kwana. Ina kuma so in tambayi Katikis: ƙanwar mijina ta yi ciki a wajen mahaifa, aka yi mata aiki, har yau tana ganin ta yi kisa.

Katikis: Malama, ki gaya mata ta kwantar da hankalinta. In ciki ya zauna a bututu, zai fashe ya kashe uwar, ɗan kuma ba zai rayu a wurin ba. Cire bututun da ya lalace magani ne, malaman Ikilisiya sun yarda da shi, domin ba mutuwar ɗan ake nufi ba, ko da yake an san za ta biyo. Rashi ta yi, ba kisa ba. Ta zo ta ga Fada in zuciyarta ba ta sake ba.

Anti Nas: Malama, na karɓi gyara, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Talauci yana turawa, namiji yana turawa. Amma waɗancan ba a hannunmu suke ba gaba ɗaya. Makirifon sanarwa kuwa a hannunmu yake.

Maman Zumunta: Na daɗe ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini shi ne Yusufu. Matiyu 1:19 ya ce mutum ne mai adalci, kuma da ya ga Maryamu da ciki, tun kafin mala'ika ya yi masa bayani, bai so ya tona mata asiri ba. Adalcin nasa ne ya hana shi sanarwa. Mu kuwa mun sanar da sunan adalci. Ni na sa hannu a takardar dakatarwar, ban tambayi waye namijin ba, ban tambayi inda take kwana ba. Wannan laifina ne. Har yanzu ina ganin da an kira ta a keɓe, an ce ta huta da tsayuwa a gaba har ta sauka, da ba laifi. Amma kiran sunanta a bagadi, ban da bakin kare shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Babbar 'yata ta yi aure, katifarta tana nan. Ta zo ta zauna wurina har ta haihu.

Baba Soja: Mama, Allah ya saka. Ni ra'ayina a kan riga bai canza ba, ita da shi duka su ajiye sai an yi wa ɗan baftisma. Amma uban yaron nan na san shi tun muna bariki. Gobe da yamma zan same shi. Kuɗin awo da na haihuwa daga gidansu za su fito, ba roƙo zan je ba.

Shugaban Matasa: Baba, in an karɓi rigar duka biyun, sauran da suka zubar a ɓoye fa? Har yanzu su ne suka ci riba.

Baba Soja: Abin da ba a gani ba, Allah ne alƙalinsa, ɗana.

Shugaban Matasa: To ai shi ne abin da Anti ke faɗa tun farko, Baba. Wanda ake gani ne kaɗai muke hukuntawa, shi ya sa ake ɓoyewa.

Katikis: Maganar riga da ta sanarwa zan kai wa Fada ranar Alhamis, da ra'ayin kowa yadda ya faɗa. Zan kuma yi wa 'yan ƙungiyar Sen Binsent di Pol, masu taimakon mabuƙata, magana a kan abinci da kayan jariri.

Anti Nas: Talata ake awo a asibitin kusa da mu, ina hutu ranar, zan kai ta da kaina ƙarfe bakwai. Yaya Mai Keke, za ka iya ɗaukar mu daga gidan Mama? Ma'aji kuma, na ga kana karantawa ba ka ce komai ba. An riga an biya mai buga rigunan ne, ko kuɗin na hannunka?