Bukukuwan kaka na Yahudawa: wa ya taɓa yin su a cikin gida?

Mai tambaya, Manchesta: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata tsohuwa Bayahudiya nake kula da ita a unguwar Prestwich, 'ya'yanta sun ce watan Tishri na kalandarsu, watan bukukuwansu, ya kusa, gida zai cika da jikoki. Ban taɓa gani ba, kuma ba na so in ɓata musu abin da suke girmamawa. Wanda ya sani ya taimaka.

Wata 'yar uwa, Landan: Wa alaikumus salam. Shekara 4 na yi a irin wannan gida. Rosh Hashana ce farko, sabuwar shekararsu, kwana 2. Tun saura mako ake aiki kamar jajiberin salla: a dafa nama a ajiye, a gasa burodi mai zagaye, a sayo tuffa da zuma da rumman. Da daddare kowa zai tsoma yankan tuffa cikin zuma, ana fatan shekara mai zaƙi. Ki ce musu "Shana Toba", wato fatan shekara mai kyau, za su ji daɗi. Amma ki kula da kicin, ƙanwata. Addininsu ya hana haɗa nama da madara, don haka kwanukan nama daban, na madara daban, har soson wanke-wanke. Ranar farko na juya shayi mai madara da cokalin ɓangaren nama. Uwar gidan ba ta yi faɗa ba, ta dai ware cokalin gefe, ni kuwa na kwana da abin a raina. Ki tambaya tun yanzu wace durowa ce ta me.

Wani ɗalibi, Haifa: Ran 10 ga watan ne Yom Kifur, azumin kusan awa 25, ba ci ba sha. A nan Isra'ila har filin jirgin Ben Gurion rufewa yake, tituna ba mota sai yara a kan keke. Masu azumin suna sa fararen kaya, ba sa sa takalmin fata.

'Yar uwa ta Landan: Yauwa, ka tuna mini. Tsohuwar da na kula da ita tana da ciwon suga, ta dage sai ta yi azumi, har da hawaye. Ɗanta ne ya kira malaminsu da likita, suka ce mata a addininsu rai yana gaba da azumi. Kada ki ɗauki wannan hukunci a kanki, ki sa 'ya'yanta su daidaita maganar magani kafin ranar.

Wani maƙwabci, Brooklyn: Ni Sukkot ce ta fi shiga raina. Kwana 5 bayan azumin ake farawa, a yi kwana 7 ana cin abinci a rumfa, don tuna shekara 40 da Bani Isra'ila suka yi a hamada. Bara na riƙe wa maƙwabcina tsani yana jera gora a sama. Ya ce dole inuwa ta fi rana yawa, amma ana so a iya hango taurari. Yaransa suka rataye zanen da suka yi a makaranta. Da na zauna ciki ana miƙo miya mai zafi, sanyi yana kaɗawa, sai rumfar kakana a gona lokacin girbi ta faɗo mini. Anti, ki tanadi bargo da hula, tsofaffi ba sa yarda a bar su a ɗaki.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Keken guragunta ba ya wuce matakalar bayan gida, gobe zan yi wa ɗanta maganar a sa katako kafin a kafa rumfar.